Ranar da Muka Ari Arziki

Babba ya rasu bara da kaka, ana cikin yankan gero. Ciwon ciki ne, kwana tara ya yi. Littafin nan da nake rubutu a ciki a akwatinsa na same shi, rabinsa bai taɓa ba. Ni karatuna bai wuce na ajin Yaƙi da Jahilci ba, wata shida, sai abin da shi ya ƙara mini daga baya. In an ga kuskure a yi haƙuri.

Ba Babba ne sunansa ba. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, ko yanzu da ba ya nan hannuna ya ƙi rubutawa. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun daga yaye, ita yake ce wa Inna, ni kuma yana ce mini Yaya. Haka muka tashi muka tarar ana yi a garinmu Kaikai, haka muka yi.

Abin da zan faɗa ya faru ne ana saura shekara biyu ko uku Turawa su tafi.

Lokacin da aka ce kowane dagaci ya kawo yara makaranta, masu hali sun ɓoye nasu, aka ɗauki namu. Ya yi Elementare a Kankia, ya yi Midil a Katsina, ya wuce Kwaleji a Zariya. Yana Midil ubansa Kabo ya rasu, gida ya koma hannun ƙanin uban, Ɗanmaliki. Da ya gama Zariya sai babbar makarantar Badun, wadda yanzu ake ce wa jami'a, ta ba shi wuri ya koyi aikin likita. Gwamnati ta kira irinsu Kaduna don a gana da su a ɗauki nauyinsu. Ranar da ake ganawar yana kwance a ɗakina, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, ko bayan gida sai an riƙe shi. Wata uku ya yi a kwance. Da sunaye suka fito babu nasa.

Makarantar ba ta karɓar mutum sai da wanda zai biya kuɗin karatu da na ci da na littattafai. Mu kuwa ko gidan aka sayar da mu a ciki ba zai kai shi tasha ta biyu ba.

Da ya warke aka ba shi koyarwa ta wucin gadi a Malumfashi. A can ya ji labarin wata sadaka. Wai wani Bature ne da ya ƙare rayuwarsa yana gina rijiyoyi a ƙasar nan, ya mutu bai bar ɗa ba, ya yi wasiyya a riƙa ɗaukar ɗan talaka ɗaya duk shekara a biya masa karatu har ya gama. Ɗaya tak. Babba ya rubuta musu. Suka amsa cewa sun ware mutum uku, yana ciki, kuma za a turo wanda zai je gidan kowa ya ga wanda ya fi bukata.

Takardarsa ta iso mu cikin bazara, zafi ya yi zafi. Malamin dagaci ya zo ya karanta a zaure, ni ina daga bayan danga ina ji. Bayan gaisuwa Babba ya ce ranar Talata ta sama wata Baturiya za ta zo ganin gidanmu, shi ba a yarda ya kasance a wurin ba. Sai ya ce, don Allah a bar gida yadda yake, kada a ƙara komai, kada a rage, abin da ta tambaya a faɗa mata gaskiya. Sau biyu ya rubuta wannan.

Da malamin ya tafi Ɗanmaliki ya shigo yana kaɗa takardar. Tsakanina da shi akwai wasa, ƙanin miji ne.

"Matar yaya, kin ji ɗanki ko? Karatu ya ci mashi kai. A bar gida yadda yake. Mi ke gare mu da za a bari?"

"Ni ba ni da ɗa," na ce. "Naku ne. Amma tunda ya ce a bari."

"Ya ce. Yaushe aka haife shi? Ke da wanga zane naki da ya fi rariya ƙofofi za ki tari Baturiya?"

"Ya fi rigarka. Ita ko wuyan ma ya gudu."

Ya yi dariya ya zauna a kan turmi. Sai ya daina wasa. Ya ce in duba, in mutum zai je neman aure da tsumma yake zuwa? Wa ya taɓa ba matsiyaci ajiya? Mutanen nan dukiya za su zuba a kan yaro shekara da shekaru. Sai sun ga gidan mutunci ya fito, gidan da aka san darajar abu, kana su saki hannu. In suka zo suka tarar da mu kamar waɗanda gobara ta kora, za su ce wannan ko an ba shi ba zai riƙe ba. Kuma ba mu kaɗai za a gani ba, Kaikai duka za a gani.

Na ji maganarsa ta shige ni. Wannan shi ne abin da har yau nake juyawa. Ba wanda ya tilasta mini. Na ji an karanta takardar, na ji Ɗanmaliki, na zaɓi ta Ɗanmaliki, don ita ta yi kama da abin da na sani. Tunda nake ban taɓa ganin an yi baƙo an nuna masa gindin tukunya ba.

Kwana shida muka yi muna shiri, unguwa duka. Mata suka zo muka yi wa ɗakina sabon daɓe, muka shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Tani maƙwabciyata ba ta daɗe da aurar da 'yarta Fadimatu ba, a nan cikin gari. Ta sa aka kwaso jeren yarinyar kaf, tasoshi da kwanonin sha masu fure da ƙorai sababbi, aka jera mini har kusa da rufi. Gadon ƙarfen amarya maza huɗu suka ɗauko shi, bai shiga ta zaure ba sai ta kan danga aka tsallakar da shi. Dagaci ya aiko da darduma da kujera mai naɗewa.

Rumbunmu a lokacin ya kai ƙasa. Sau ɗaya muke ɗora tukunya, sauran mu cika da kwaɗon zogale. Ɗanmaliki ya bi gida gida, kowa ya ba da aron dami ɗaya ko biyu. Kowane gida ya ɗaura wa nasa alama don kada a rikice wajen mayarwa, wani tsumma ja, wani ƙullin kaba, wani karan dawa a soke. Aka cika rumbu har baki, aka juya alamomin ciki.

Akwai wani Bafulatani, Bubayero, da ke sauka a gonarmu duk rani, shanunsa su kwana a ciki su bar mana taki. Mutumin mijina Kabo ne tun suna samari. Ɗanmaliki ya roƙe shi ranar Talata kada ya kai su nesa, ya bar su nan bayan gida inda ido zai gan su. Ya ce ba komai. Matarsa Inno ta ce za ta kawo kindirmo da man shanu.

A cikin duk abin da ke gidan ranar, abu ɗaya ne nawa na kaina mai daraja. Rago ne da nake turke da shi shekara guda, ina ba shi dusa da harawa, da niyyar in tafiyar Babba ta tabbata a sayar a yi masa guzuri da akwati.

Ta iso da hantsi a mota, ita da direba da tafinta. Yarinya ce, ba za ta girmi Babba da yawa ba, siririya, rana ta ƙona mata hanci ya yi ja. Ashe 'yar ɗan'uwan mai rijiyoyin ce, watanta ɗaya da zuwa ƙasar. Tafintan na san shi, Malam Hussaini ne, malamin Elementare ta Kankia, shi ya fara koya wa Babba karatu.

Da yake mace ce har ɗaki aka shigo da ita. Malam Hussaini ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga ya dubi jeren, ya dubi gadon, ya dube ni cikin zanen saƙin da Tani ta ara mini. Fuskarsa ta sauya.

"Inna, wa ya yi wannan aiki?" ya ce a hankali.

Ɗanmaliki ya amsa daga bayansa. "Arzikin Allah ne, Malam."

"To," in ji Malam Hussaini. 

Ta zauna a kujerar dagaci, ta buɗe littafi a cinya. Tsakar gida cike da mata, Tani na zaune a bakin gadon 'yarta kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Aka kawo fura da kindirmo, aka kawo zabi biyu soyayyu. Ta ɗan taɓa. Sai ta fara tambaya, Malam Hussaini yana juyawa.

"Ta ce sau nawa kuke cin abinci a yini?"

"Alhamdu lillahi," na ce.

"Ta ce sau nawa."

"Ba mu kwana da yunwa."

"Inna." Ya rage murya. "Ki faɗa yadda yake. Don shi ta zo. Ba abin kunya ba ne."

Na ɗaga kai na ga idanu. Abin mamaki, duk wanda ke gidan nan ya san gindin rumbunmu, su suka cika shi da hannunsu. Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, ita ce kuma na kasa faɗa wa. Kuma in na ce kayan nan ba nawa ba ne, na kunyata Tani da ta kwaso, na kunyata dagaci, na mai da Ɗanmaliki maƙaryaci a gaban baƙuwa.

"Muna cikin rufin asiri, Malam," na ce.

Ya juya mata. Ya daɗe yana magana, ya fi abin da na faɗa tsawo nesa. Ta saurare shi, ta dubi tasoshin, ta rubuta.

Ta ce tana so ta ga rumbu. Aka kafa mata tsani ta hau da kanta, mata suna rufe baki. Ta leƙa, ta sauko, ta rubuta. Daga nan ta hango shanu ta kan danga, ta ce a kai ta. Muka bi ta. Bubayero na tsaye ya rataya hannu a sanda. Ta nuna garken da alƙalami ta yi tambaya.

"Ta ce shanun wa ne?"

Bubayero ya dubi littafin, ya dubi alƙalamin. Daga baya ya faɗa mini da bakinsa, shi tunda yake bai taɓa ganin Bature ya tsaya kan shanu da littafi ba sai don jangali.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Na gidan nan ne. Kiwo aka ba ni."

"Bubayero," in ji Malam Hussaini, "tsakaninka da Allah."

"Malam, ni talaka ne. Ko akuya ba ni da ita. Tambayi Ɗanmaliki."

Ɗanmaliki ya gyara tsayuwa, ya shafa gemu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta fara nuna su ɗaya ɗaya tana motsa baki. Bubayero ya kau da kai, don su ba a ƙirga musu shanu a gabansu.

Da muka koma ɗaki sai ta rufe littafin, ta matso kusa da ni, ta yi murmushi. Ina jin ta ga tambayoyin sun ishe ni, tana so ta yi mai daɗi.

"Ta ce ki ba ta labarin ɗanki. Wane irin yaro ne? Kina so ya tafi?"

Ta ambaci sunansa, yadda bakinta ya iya. Mata suka fashe da dariya a tsakar gida. Wata ta ce, yau za mu ji. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na juya wa bango.

"Ban san shi sosai ba," na ce. "Kakarsa ta riƙe shi."

"Ta ce kina so ya tafi karatun?"

"Oho. In ya tafi shi ya sani."

Wallahi da za a tsaga ƙirjina a lokacin, ba abin da ke ciki sai tafiyar nan. Na yi azumi a kanta. Amma a ce in yabi ɗan fari a gaban mutane, in ce ina so masa abu, bakina bai san hanyar ba. Na ji Malam Hussaini yana yi mata bayani, na ji ya ce al'ada, ya sake cewa al'ada. Murmushinta ya tafi. Ta sake buɗe littafin.

Da za ta tafi Ɗanmaliki ya ce ba a sallamar baƙo hannu sake. Ya kwanto ragona. Ban hana ba, ni na nuna masa inda igiya take. Ta ƙi, ta ɗaga hannu biyu tana girgiza kai. Ya ce wa Malam Hussaini ya faɗa mata wannan ba komai ba ne a wurinmu. Malam Hussaini ya ce ba zai faɗa ba. Direba ne ya faɗa. Aka ɗaure rago a bayan mota, yana kuka har suka fita gari.

Kafin la'asar kowa ya zo ya ɗauki nasa. Aka fito da dammuna ana duba alama, wannan na gidan wane, wannan na gidan wane. Aka sake tsallakar da gado ta kan danga. Tani ta kira sunana ta ce, "Sa'a, mun fita kunya." Na ce mun fita. Na share sabon daɓe, na shimfiɗa tsohuwar tabarmata. Har ga Allah ranar da daɗi na kwanta.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Babba ya zo da kansa. Ya biyo ta Kankia, ya ga Malam Hussaini, ya ji komai. Ya gaida mutane a zaure, ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofata, inda ya saba tsugunawa. Ya rame.

"Yaya, an karanta muku takardata?"

"An karanta."

"Duka?"

"Duka."

Ya hau tona ƙasa da tsinke. Ɗanmaliki ya shigo yana faɗa tun daga zaure, wai makirci ne, wai an sayi tafinta, wai zai je har gaban hakimi.

"Baba, ba wanda ya sayi kowa," in ji Babba. "Ɗan wani makaho aka ba, a ƙasar Daura. Ta same su a bukka, ko tabarmar da za ta zauna ba su da ita. Ya cancanta."

"Mu fa? Mi ta ce a kanmu?"

"Ta ce gida ne mai hali. Shanu arba'in da ɗaya, rumbu cike a bazara. Ta ce in iyalin sun so za su iya biya da kansu, sai dai uwar ba ta damu da karatun ba."

"Ragon fa? Ko godiya?"

"Ta rubuta shi shi ma."

Ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Bai ɗaga mini murya ba, ranar ko bayanta. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya rubuta wa Badun, sun yarda su ajiye masa wurinsa shekara ɗaya, ba ƙari. Ya kwana ɗaya ya koma.

Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Namu ya rufe har ya wuce.

Ranar kasuwar Kankia na bi masu jakuna tun da sassafe, ta Kusada. Ban faɗa wa Ɗanmaliki ba. Na isa rana ta take, ƙafafuna sun kumbura. Na tambayi makaranta, na zauna a gindin bedi har aka tashi yara, Malam Hussaini ya fito ya gan ni.

"Inna, ke da wa?"

"Ni kaɗai. Ina Baturiyar take?"

Ya ce tana Kaduna. Ya kai ni gidansa, matarsa ta ba ni ruwa. Ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa ranar, ya faɗa mata kayan aro ne. Amma tun kafin ta fito 'yan'uwanta Turawa sun ja mata kunne, sun ce kowa zai yi kukan talauci, tafinta kuma zai goyi bayan ɗalibinsa, ta yarda da idonta kawai. Ta kuwa yarda da idonta.

Na ce to a rubuta mata, ni zan faɗa.

Ya ɗauko takarda. Ya ce sai dai fa in faɗi komai, ɗaya bayan ɗaya, ba alhamdu lillahi. Na ce na ji.

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, har haihuwa. Na ce gadon na Fadimatu ne. Na ce tasoshin nata ne. Na ce zanen da ke jikina ranar na Tani ne, nawa biyu ne, ga ɗaya a jikina. Na ce hatsin na gida goma sha ɗaya ne, na faɗi sunayensu. Na ce ba mu da saniya, ba mu taɓa yi ba. Na ce sau ɗaya muke ci, wata rana ba ma ci. Matarsa ta tashi ta shiga ɗaki don kada ta ji. Ji nake kamar ana tuɓe ni a kasuwa.

"Saura maganar yaron," in ji shi.

 Sai na ce ya rubuta ina so ya tafi. Na ce ya rubuta tun yana ƙarami in akuya ta karye shi ke ɗaure mata ƙafa. Na ce ya rubuta ba shi ya yi ƙarya ba, mu muka yi, ya hana mu ba mu ji ba. Ya rubuta, ya karanta mini, ya shafa mini tawada a babban yatsa na dangwala.

Amsa ta zo bayan an yi shuka. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta yarda da maganata, amma na bana an riga an bayar, ba a karɓewa. Ta ce za a sa sunansa a na baɗi, za a sake turo mai dubawa cikin bazara. Ba ta faɗi rana ba.

Shekarar nan aka mai da Babba koyarwa Kankia. Duk Asabar yana zuwa gida a keke.

Da rani ya shiga sai Ɗanmaliki ya juya gaba ɗaya. Ya ce wannan karon za su ga talauci har sai sun ƙoshi. Ya hana Bubayero sauka a gonarmu, kada a sake ganin ko kashin saniya kusa da mu. Bubayero ya kwashe ya koma gonar wani, bai yi fushi ba, ya ce shi ya jawo. Kajina huɗu aka kai gidan Tani. Danga ta faɗi ta gefen gabas, ya ce a bar ta. Ya daina sa rigarsa ta Juma'a. Rannan Tani ta aiko mini da tuwo a kwano mai fure, ya tare a zaure ya juye a ƙwarya ya mayar mata da kwanonta.

"Kai dai ba ka iya tsakiya ba," na ce masa.

"Matar yaya, bar ni. Ni na ɓata, ni za ni gyara."

Rufin ɗakina kuwa ya shekara uku ba a taɓa shi ba, ciyawar ta ruɓe, ana hango sama ta wuri biyu. Bazara ce lokacin baibaya, kowa a gari yana yi. Ɗanmaliki ya ce kada a sa ko tsinke, wannan rufin shi ne shaidarmu. Babba ya ji, bai hana ba. Na lura shi ma in ya zo yakan ɗaga kai ya duba, kamar mai duba shuka.

Muka zauna jira. Ba na zuwa ko'ina, ko suna ko gaisuwar mutuwa sai in leƙa in dawo, kada a zo ba na nan. In aka ji ƙarar mota daga hanyar Kusada gari duka sai a fito. Sau ɗaya masu allurar shanu ne. Sau ɗaya mai sayen fata ne. Babba ya rubuta Kaduna sau biyu, Malam Hussaini ya rubuta sau ɗaya. Ba amsa. Daga baya wani ya ce Baturiyar ta yi aure ta koma ƙasarsu, wani ya ce masu riƙe da dukiyar sun mai da ita wani lardi. Har yau ban san gaskiyar ba, mai dubawa dai bai taɓa zuwa ba.

Gajimare ya fara taruwa. Mutane suka gama gyaran gona. Tamu ba taki, ƙasar ta yi fari. Aka yi yayyafi sau biyu, na tara ƙorai a inda yake zuba.

Ruwan farko na sosai ranar Asabar ya zo, da la'asar, Babba yana gida. Iska ta fara ɗauke wani gefen rufin, sai ruwa ya biyo. Kafin mu ankara ɗaki ya zama tafki. Akwatin littattafansa na Zariya yana ƙarƙashin inda ya fi zuba, shi ya fara ja, ni na kama ɗaya hannun, muka kai zaure. Muka tsaya a can mu uku da Ɗanmaliki, a jiƙe, muna kallon ruwa yana shiga ɗakin ta sama yana fita ta ƙofa.

Da ya tsagaita Babba ya buɗe akwatin. Na sama sun jiƙe. Ya ɗauko su ɗaya ɗaya yana buɗewa yana jerawa a kan dakali. Bai ɗago kai ba ya yi magana.

"Baba, gobe a nemo shuci."

"In ta zo fa?" in ji Ɗanmaliki. "Ko wani ya zo? Mu ƙara ko kwana bakwai."

"A yi baibaya, Baba."

Ɗanmaliki ya juya. Ya fita cikin sauran yayyafin, ko hula bai ɗauka ba.

Shuci, ciyawar baibaya, ya yi wuya a lokacin, kowa ya riga ya yi amfani da nasa. Sai a wurin Bubayero aka samu ragowa. Masu baibaya duk suna gona wajen shuka, don haka Babba ya tuɓe rigar makaranta ya hau da kansa. Bai iya ba, rabonsa da irin wannan aiki tun yana ɗan shekara bakwai. Layin ya karkace, igiya tana kuɓuce masa, ciyawa ta yanyanke masa hannu. Ni ke tsaye a ƙasa ina miƙa masa. In ya gama ɗaya ya miƙo hannu ba tare da ya dubo ni ba, in sa masa wani. Haka muka yi har azahar.